Yadda ake rarrabe karɓau da cikamako a jimlar Turanci

Dubi waɗannan jimloli biyu: *The woman called a doctor* da *The woman became a doctor*. Tsarinsu ɗaya ne, kalma ɗaya ce kawai ta bambanta su, kuma duka sun ƙare da *a doctor*. Amma a ta farko mutum biyu ne, ga matar ga likitan da ta kira. A ta biyu mutum ɗaya ne, matar ita ce likitar. A jimlar farko *a doctor* karɓau ne, wanda littattafan Turanci ke kira *object*. A ta biyu cikamako ne, wato *complement*, domin aikinsa ya cika bayani a kan matar, ba wani ne daban da aiki ya faɗa wa ba.

Yawancin ɗalibai an koya musu dabara ɗaya tak: ka tambayi aikatau, wato kalmar aiki (*verb*), "me?" ko "wa?", amsar da ta fito ita ce karɓau. Dabarar tana aiki har zuwa ranar da ta ci karo da *became*. Ta zama me? Likita. Sai ɗalibi ya rubuta karɓau da ƙwarin gwiwa, alhali ya yi kure. Ni a ganina wannan dabara ta fi kowane abu ɓata wa masu koyo lissafi a wannan darasi, saboda tana ba da amsa ko da amsar ba daidai ba ce. Tambayar da ta fi ta amfani ita ce: abin nan da ya biyo bayan aikatau, wani sabon abu ne ya shigo jimla, ko kuwa bayani ne ake ƙarawa a kan wanda ya riga ya shigo? Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na amsa wannan tambaya da hujja.

Mai jin Hausa yana da ɗan uzuri idan abin ya ba shi wahala. A Hausa aikatau da yawa suna sauya kama su sanar da kai abin da ke tafe: na sayi littafi, na saye shi, abin da na saya. Aikatau na Turanci ba ya haka. A tsohon Turanci, kafin wajejen shekara ta 1100, sunaye ne suke ɗauke da alamun da ke nuna aikinsu a jimla, amma alamun sun zube da tafiyar zamani. Abin da ya rage sai a wakilan suna: *I* da *me*, *he* da *him*, *she* da *her*, *we* da *us*, *they* da *them*, *who* da *whom*. Saboda haka a Turancin yau jerin kalmomi da ma'ana su ne abin dogaro.

Mataki na farko: kamo aikatau gaba ɗayansa

Kada ka fara da neman karɓau. Nemo aikatau tukuna, tare da dukkan mataimakansa. A *The letters should have been posted*, aikatau shi ne *should have been posted*, kalmomi huɗu, kuma babu komai bayansa. Wanda ya tsaya a *been* zai ɗauka *posted* cikamako ne, ya shiga ruɗanin da babu dalilinsa. Idan kana shakka, sauya lokacin jimlar daga yau zuwa jiya, kalmar da ta motsa a nan aikatau ya faro.

Idan jimlar tambaya ce, mayar da ita zance kafin ka taɓa ta. *What did the boy break?* ta zama *The boy broke what*. Nan take za ka ga *what* karɓau ne da aka ɗauko daga baya aka kai gaba. Daga nan ka ware aikau, wanda jimlar ke magana a kansa, ka ajiye shi gefe amma kada ka manta da shi, za ka dawo gare shi.

Mataki na biyu: share bayanau

Duk abin da ke amsa yaushe, ina, yaya, don me, ko tsawon wane lokaci, bayanau ne. Tsame shi. *Quickly* da *in the morning* ba sa ɓuya, kowa na ganinsu. Masu haɗari su ne waɗanda suka zo da kamannin suna: *She studied all night*, *We met last week*, *He went home*. Babu wanda ya karanci dare, babu wanda ya haɗu da mako. Gwada maye gurbinsu da *it*: ana cewa *She studied chemistry*, a ce *She studied it*, amma *all night* ba ya komawa *it*, sai dai *then* ko *for a long time*. Wannan ɗan gwaji na *it*, *him*, *them* yana da sauƙi kuma da wuya ya ba ka kunya.

Bayan sharar nan, ƙirga abin da ya rage bayan aikatau. Ko dai babu komai, ko abu ɗaya, ko abu biyu. Idan babu komai, kamar *The baby slept*, babu karɓau babu cikamako, aiki ya ƙare.

Mataki na uku: idan abu ɗaya ya rage

Nan ne tushen darasin, don haka bari mu zauna a kansa.

Da farko duba ajin kalmar. Idan sifa ce tsurarta, kamar *tired*, *angry*, *blue*, *ready*, to cikamako ne, ba sai an yi dogon bincike ba. Sifa ba ta zama karɓau. *The room was cold*, *He seems honest*, *The sky turned dark*: duk bayani ne a kan aikau, shi ya sa ake kiransu cikamakon aikau.

Idan suna ne ko yankin suna, sai gwaji. Cire aikatau ka sa *is* ko *was* a gurbinsa. *He remained a soldier* ta koma *He was a soldier*, ma'ana ba ta yi nisa ba, cikamako ke nan. *He arrested a soldier* idan ta koma *He was a soldier* labari ya sauya ɗungurungum, karɓau ke nan.

Gwaji na biyu shi ne juya jimla, abin da ake kira *passive*, inda wanda aiki ya faɗa wa ke komawa gaba. *A soldier was arrested by him* ta zauna daidai. *A soldier was remained by him* ba Turanci ba ne. Cikamako ba ya taɓa yarda a kai shi gaba ta wannan hanya. Sai dai ka riƙe wani abu: idan jimla ta juyu, tabbas karɓau ne, amma idan ta ƙi juyuwa, wannan kaɗai bai isa hujja ba. Akwai aikatau kaɗan masu ɗaukar karɓau da ba sa son juyi, irin su *have*, *lack*, *resemble*, *suit*. Ba a cewa *Her mother is resembled by her*, duk da haka a *She resembles her mother* uwar karɓau ce. Dalili a bayyane yake, kama da wane ba wane ba ce: 'yar daban, uwar daban.

Akwai kuma wata alama da ba a cika koyarwa ba, ita ce dacewar adadi. Cikamako na suna yakan bi aikau: *My brother is a driver*, *My brothers are drivers*. Karɓau ba ruwansa da wannan: *My brothers hired a driver*.

Aikatau masu jawo cikamakon aikau ba su da yawa, ana iya haddace su. Na farkonsu *be* da 'ya'yansa, *am, is, are, was, were*. Sai masu nuna kamanni ko ɗorewar hali: *seem, appear, remain, stay, keep*. Sai masu nuna sauyi: *become, get, grow, turn, go, prove*. Sai na gaɓoɓin ji: *look, sound, feel, smell, taste*. Amma hadda kaɗai ba za ta fishe ka ba, domin da yawa daga cikinsu fuska biyu gare su. *She turned the key* da *She turned pale*. *The doctor felt my arm* da *The doctor felt ill*. *He grew flowers* da *He grew impatient*. *They proved the theory* da *The theory proved false*. A kowane biyu, na farko karɓau, na biyu cikamako. Aikatau ɗaya ne, aikin da ya yi a jimlar ne ya bambanta, don haka kowace jimla a yi mata gwajinta.

Amfanin wannan ya wuce jarrabawa. Wanda ya gane cewa abin da ke bin *look* da *smell* da *feel* cikamako ne zai sa sifa a wurin, ya rubuta *The flower smells sweet* da *She looks beautiful*, ba zai liƙa musu *-ly* ba. Kwatanta *He looked angry* da *He looked angrily at us*: ta farko tana faɗin yadda fuskarsa take, ta biyu tana faɗin irin kallon da ya yi mana.

Tarko ɗaya ya rage a nan. A *He hurt himself*, mutum ɗaya ne, to shin *himself* cikamako ne? A'a, karɓau ne. Aikin ne ya fita ya dawo kan mai shi. Sa *the child* a gurbin *himself* za ka ga gurbin na karɓau ne, kuma *himself* bai gaya mana ko wane ne shi ko yaya yake ba.

Mataki na huɗu: idan abu biyu suka rage

Hanya biyu ce. Ko dai karɓau biyu ne, kaikaitacce da na kai-tsaye, ko kuwa karɓau ɗaya da cikamakonsa. Idan na biyun sifa ce, magana ta ƙare, cikamakon karɓau ne: *They painted the door green*, *The news made us happy*, *Keep your hands clean*. Ƙofar ce koriya, mu ne masu farin ciki.

Idan duka biyun sunaye ne, ga gwajin da na fi so a duk darasin nan. Ajiye aikau da aikatau, ka sa *has* ko *is* tsakanin sunayen biyu, ka ga wanda ya zauna. *The manager gave the boy a key*: yaron *has a key*, ya samu mabuɗi, karɓau biyu ke nan, *the boy* kaikaitacce, *a key* na kai-tsaye. *The team made the boy captain*: yaron *is captain*, shi ne kyaftin ɗin, don haka *the boy* karɓau, *captain* cikamako. Aikatau *make* yana shiga duka gidajen biyu: *She made her son a shirt* ɗinki ta yi masa, *She made her son a partner* matsayi ta ba shi.

Wani lokaci jimla ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, kuma wannan gwaji ne zai fito da su fili. *I found him a good lawyer* tana iya nufin na samo masa ƙwararren lauya, tana kuma iya nufin na same shi ƙwararren lauya ne. Sai abin da ke kewaye da jimlar ya raba gardama.

Gwaji na biyu: kaikaitaccen karɓau yakan yarda a mayar da shi baya da *to* ko *for*. *Gave the boy a key* ta koma *gave a key to the boy*. *Bought her a pen* ta koma *bought a pen for her*. Wannan ya yi daidai da "wa" da "ma" na Hausa: na aika wa yaro, na saya mata. Idan fassarar Hausa ta nemi "masa" ko "mata", mafi yawan lokaci kaikaitaccen karɓau ne a gabanka. Cikamako ba ya yarda da wannan kaura: *They elected her president* ba ta komawa *They elected president to her*. Akwai 'yan tsirarun aikatau masu karɓau biyu da su ma ba sa son *to* ko *for*, irin su *cost*, *fine* da *envy*, kamar a *The mistake cost him his job*. A irin waɗannan, duba ko na biyun shi ne na farkon. Mutumin ba shi ne aikin ba, don haka ba cikamako ba ne.

Lura da abin da ke faruwa idan aka juya jimla mai cikamakon karɓau. *They elected her president* ta zama *She was elected president*. Yanzu *she* aikau ce, *president* kuwa yana nan yana bayani a kanta, sai ya tashi daga cikamakon karɓau ya koma cikamakon aikau. Masu shirya tambayoyin jarrabawa suna son wannan ƙwarai. Aikatau da suka fi jawo cikamakon karɓau su ne na naɗi da laƙabi da hukunci: *elect, appoint, name, call, declare, consider, find, make, keep, leave*.

Gargaɗi ga mai rubutu: ba kowane aikatau mai ma'anar bayarwa ko faɗa ke karɓar sunaye biyu a jere ba. *Tell me the rule* daidai ne, *Explain me the rule* kuskure ne, sai *Explain the rule to me*. Haka *describe*, *suggest*, *donate*, *announce*. Galibin masu wannan hali kalmomi ne da Turanci ya aro daga Latin ko Faransanci, yayin da gajerun na asali irin su *give, tell, send, show, lend* suke karɓar duka tsarin biyu. Mai tunani da Hausa yana saurin faɗawa nan, domin "bayyana mini" da "gaya mini" tsarinsu ɗaya ne a wurinmu.

Inda malaman nahawu suka saɓa

Dole in tsaya a nan, saboda na ga ɗalibai na zargin kansu da rashin fahimta a wurin da littattafan ne ba su daidaita ba. Littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985, *A Comprehensive Grammar of the English Language*, ya kasa jimlar Turanci gida bakwai, kuma ya keɓe sunan *complement* ga cikamakon aikau da na karɓau. Wannan tsari ne mafi yawan littattafan makaranta ke bi, shi ne kuma na bi a nan. Amma *The Cambridge Grammar of the English Language* na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, wanda ya fito a 2002, ya faɗaɗa kalmar: a wurinsu duk abin da aikatau ke nema don ya cika *complement* ne, har da karɓau, sai suka kira namu cikamakon *predicative complement*. Haka nan a *gave a key to the boy*, wasu littattafan makaranta suna kiran *the boy* kaikaitaccen karɓau, su kuwa na Cambridge ba su yarda ba, suna ganin karɓau ne na *to*. Shawarata: ka fahimci bambancin, amma a jarrabawa ka bi littafin da aka koyar da kai da shi.

Saɓanin ya taɓa jimloli irin su *She put the book on the table* da *The children are outside*. A mataki na biyu mun ce a share bayanau, amma idan ka cire *on the table* sai jimlar ta rushe, ba a cewa *She put the book* a yi shiru. Tsarin Quirk yana kiran wannan bayanau na tilas, wasu kuma suna kiransa cikamakon bayanau. Ko wane suna aka ba shi, ba karɓau ba ne.

Mataki na biyar: ƙananan kalmomin da ke manne wa aikatau

*He turned off the light* da *He looked at the light* sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Sa *it* ka gani: *turned it off*, amma *looked at it*. Idan ƙaramar kalmar ta yarda karɓau ya shiga tsakaninta da aikatau, to ita ɓangaren aikatau ce, kuma *the light* karɓau ne kai-tsaye. Idan ta ƙi rabuwa da sunan, to sunan nata ne, ba na aikatau kai-tsaye ba. A nan ma akwai amfanin rubutu: *discuss, enter, reach, marry* suna ɗaukar karɓau ba tare da ɗan rakiya ba, sai a ce *discuss the matter*, *reach the station*, ba a sa *about* ko *to*. *Listen* da *wait* kuwa ba sa isa ga suna sai ta *to* da *for*.

Mataki na shida: idan karɓau ko cikamako ya yi tsawo

Ba dole ne karɓau ya zama kalma ɗaya ba. A *I know that she is right*, duk *that she is right* karɓau ne, domin yana komawa *I know it*. Haka *He enjoys swimming*, *They want to leave*, *She asked where we lived*. Cikamako ma yana tsawo: *The truth is that we were late*.

A kula da *is* idan kalma mai *-ing* ta biyo shi. *She is teaching* aikatau ne guda, *is* mataimaki ne kawai. *Her job is teaching* kuwa *teaching* cikamako ne, domin aikin ba shi ke koyarwa ba, aikin shi ne koyarwar. Juya su ka tabbatar: *Teaching is her job* ta zauna, *Teaching is she* ba ta zauna ba.

Yanzu mu ɗauki doguwar jimla mu bi ta daki-daki: *After a long debate last Monday, the members of the committee, who seemed very tired, appointed the youngest woman their secretary and sent her the files.* Babban aikatau biyu ne, *appointed* da *sent*, aikau ɗinsu ɗaya, *the members of the committee*. Share *after a long debate* da *last Monday*. Bayan *appointed* abu biyu suka rage: *the youngest woman* da *their secretary*. Matar *is their secretary*, don haka ita karɓau, sakatariya cikamakon karɓau. Bayan *sent* ma abu biyu: *her* da *the files*. Ba ita ce takardun ba, samun su ta yi, kuma ana iya cewa *sent the files to her*, don haka *her* kaikaitaccen karɓau, *the files* na kai-tsaye. Saura ƙaramar jimlar da ke tsakiya, *who seemed very tired*, ita ma a yi mata nata binciken daban: *who* aikau mai wakiltar 'yan kwamitin, *seemed* aikatau, *very tired* sifa ce, don haka cikamakon aikau.

Idan za ka yi atisaye, ɗauki sakin layi guda daga kowace jaridar Turanci, ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kusa da kowace amsa rubuta gwajin da ya kai ka gare ta, ko *is* ne, ko *has*, ko juyi, ko *it*. Inda gwaji biyu suka ba da amsa daban, koma ka duba ko aikatau ɗin yana cikin irin su *have* da *resemble* da *cost*.